Hawainiya, Karo na Bakwai

Idan tsufa ya zo ya fara kwashe min abubuwa daga ka, zai iya tafiya da lambar wayata, zai iya tafiya da sunayen abokan makaranta, amma wata safiyar Juma'a da na yi a wani kamfanin jimar fata a Challawa ba za ta bi shi ba. Wannan kam da ita za a binne ni. Har yau idan zan ajiye takarda a kwamfuta, aka buɗe min ɗan gurbin nan na rubuta suna, sai in ji yatsuna sun tsaya cak kamar an taka musu birki.

A lokacin ban daɗe da samun aikin akawu a kamfanin ba. Aikin gwaji ne na wata shida, in an gamsu da kai a tabbatar da kai, in ba a gamsu ba a nuna maka ƙofa. Na ci wata biyar, saura ɗaya. Kullum daga Ɗorayi nake tahowa, riga ta sha guga, ga turare na fesa, wai zai yi wani tasiri a wurin da warin ɗanyar fata ke tarar mutum tun daga bakin titi. Ranakun Asabar kuma ina zuwa karatun difloma. Saboda haka a ganina, duk faɗin kamfanin nan, in ka cire injinan da aka kawo daga waje, babu abin da ya kai ni wayewa.

Babban aikina shi ne buga jadawalin duti na mako: wane ne zai zo da safe, wane ne da rana, wane ne zai huta. Ba da suna ake rubuta ma'aikata ba, da lambar katinsu ne. Wanda yake tsara lambobin shi ne helima, wato shugaban leburori, wani dattijo ɗan asalin ƙauyukan nan na kusa, wanda ya fara aiki a wurin tun kafin a haife ni. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. Yakan zo da lambobinsa a rubuce a bayan yagaggen kwali, ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa. Mu 'yan ofis ma muna da kati mai lamba, amma ban taɓa kallon nawa sau biyu ba. A wurina lamba ta masu takalmin roba ce, ni ai mai suna ne.

To, kamfanin yana da wata manhaja ta waya da aka sa wani injiniya ya haɗa, ta cikinta muke tura wa shugabannin sassa takardu. Ita wannan manhaja tana da ɗabi'a irin ta kwandasta, wanda kowa a wurinsa Malam ne. Duk sunan da ka sa wa fayil, da zarar mutum ya sauke shi a wayarsa sai ta share, ta raɗa masa “download”. Na biyu ya zama “download 1”, na uku “download 2”, haka har wayar ta cika da 'yan gida ɗaya masu suna ɗaya. Ranar da na gano haka sai na ji kamar an ba ni bango da alli an ce babu mai wucewa.

Daga nan na fara huce haushina a kan sunayen fayil. Manajanmu mutum ne da ba ya iya rufe magana sai ya ce “ka ji ko?”, ko da kuwa da bango yake magana, don haka duk takardarsa sunanta yana ɗauke da Ka-ji-ko. Mai sito kuma Makulli-a-wuya. Amma wanda ya fi shan alƙalamina shi ne Baba. Shi Hawainiya na sa masa, saboda dalili biyu: tafiyarsa ta a hankali, kamar yana neman izinin ƙasa kafin ya taka, da kuma yawan canja jadawali. Sai na gama bugawa na tura, na miƙe ƙafa, sai in gan shi a bakin ƙofa da kwalinsa.

“Malam akawu, a yi haƙuri, akwai ɗan gyara.”

“Ba komai, Baba, ku shigo,” in ce da murmushi har kunne. Yana juya baya in zauna in rama a kan suna.

Da damina abin ya fi tsanani. Rabin leburorin manoma ne, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu daga Jigawa, wasu har daga Nijar, kuma da ruwa ya sauka hankalin kowa yana gona. Dokar kamfani kuwa, wanda ya yi fashin duti uku a jere ya kori kansa. Baba shi yake ta jujjuya lambobi, ya ɗauke wannan ya sa wancan, don kowa ya samu ya leƙa gonarsa ba tare da ya rasa aikinsa ba. Yanzu ne na san haka. A lokacin abin da na sani kawai shi ne tsoho yana hana ni shan shayina da zafinsa.

Wata rana abin da ake gudu ya faru. Wani shugaban sashe ya buɗe jadawalin da aka riga aka canja, domin duk “download” ne, ya sallami mutanen da ya kamata su tsaya, aka wayi gari babu kowa a wajen gangunan jiƙa fata. Manaja ya kira ni ya yi min wankin babban bargo. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce laifin manhaja ne, ba ta barin fayil da sunansa na asali. Na kawo hujja da Turanci, na ƙara da wani Turancin. Na koma na rubuta takardar koke shafi biyu, har da kanun magana. Ku duba fa, mutumin da asirinsa kaf yake rufe a ƙarƙashin wannan matsala, shi ne ya ɗaura ɗamarar sai an gyara ta.

Kada ku ce ban yi tunani ba, na yi. Na ce ai ranar da za a gyara za a sanar, sai in bi sunayen nan in wanke su tas. Injiniyan ya zo da jakarsa a baya da baƙin gilashi a goshi, ya saurare ni yana danna waya, ya fara da cewa ba matsala ba ce, haka tsarin yake. Da manaja ya sha kunu sai ya ce to, mako mai zuwa. Mako mai zuwan nan ya haifi wani, wancan ya haifi wani, har na daina lissafi. Na yanke wa kaina hukuncin cewa gyaran nan sai dai jikokinmu su gani, na ci gaba da sana'ata.

Ana cikin haka manaja ya kafa doka cewa tunda hannu ya yi ƙaranci, 'yan ofis ma za a riƙa sa su dutin Asabar a wajen sikeli, inda ake karɓar ɗanyar fata daga manyan motoci. Na ji dokar ta kunnen dama ta fita ta hagu, don ban ga wanda ya isa ya tsayar da mai difloma saura kwata a cikin ƙudaje ba. Ni damuwata daban ce: Asabar ɗin makon ina da jarrabawar ƙarshe, darasin da na taɓa faɗuwa sau ɗaya, in na sake rasa shi sai wata shekara. Na yi ta ƙorafin haka a waya da wani abokina, Baba yana tsaye da kwalinsa yana jiran in gama. Ban ko sassauta murya ba, don ban ɗauki tsayuwarsa a matsayin tsayuwar mai ji ba.

A makon nan sau shida Baba yana canja jadawali. Ranar Alhamis, ana saura 'yan mintuna a tashi, na riga na kashe fanka na rataya jaka, sai ga shi.

“Malam akawu, na ƙarshe ne in Allah ya yarda. Ranar Asabar, a cire sittin da biyu, a sa goma sha huɗu.”

“Shi ke nan, Baba?”

“Shi ke nan. Allah ya yi albarka.”

Na kunna kwamfuta raina yana tafasa. Na cire sittin da biyu, na sa goma sha huɗu, ban ko tambayi kaina su wane ne ba. Da na zo wurin suna kuwa sai na zage na nuna gwaninta. Na rubuta: “Hawainiya ya sake rikiɗa karo na bakwai Allah raba mu da tsufan wahala”. Na karanta, na ji daɗin yadda ya zauna, na tura wa duk shugabannin sassa, na kama hanyar gida ina fito.

Washegari Juma'a da safe aka ce manaja yana neman kowa a babbar rumfar da ke gaban sito. Leburori suka taru da takalmansu na roba, shugabannin sassa a gaba, ni ma na tsaya a gefe inda iska ba ta kwaso wari. Sai na hango injiniya a bayan manaja yana murmushi. Ko a nan ban sha jinin jikina ba.

“Jama'a, albishir,” in ji manaja. “Matsalar nan ta sunan fayil an gyara ta tun jiya da rana. Daga yau duk abin da ka sauke, da sunansa na asali zai zo maka, ka ji ko? Kuma wannan ƙoƙarin akawunmu ne. Shi ya nace. Irin matasan da muke so ke nan, ka ji ko? A tafa masa.”

Aka tafa min. Wallahi har na ɗan ɗaga hannu na amsa, kafin kalmar “jiya da rana” ta gama isa ƙwaƙwalwata. Da ta isa kuwa, sai na sauke hannun a hankali.

“Baba, ku ne babba,” manaja ya ci gaba. “Ku sauke jadawalin jiya a gaban kowa a gani.”

Baba ya zaro wayarsa daga aljihun gaba, a hankali kamar yadda yake yin komai. Ya danna, ya jira, ya nesanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nesantawa. Sannan ya ce ya baro gilashinsa a cikin rigar aiki, ya miƙo min wayar.

“Malam akawu, karanta mana. Ai aikinka ne.”

Na karɓa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, babu harafin da ya ɓace a hanya. Manhajar da ta yi wata biyar tana cinye suna, ranar nan ko ɗigo ba ta taɓa ba. Gumi ya keto min, turaren da na fesa ya gudu ya bar ni ni kaɗai. Na gyara murya na ce, “An rubuta… jadawalin mako.”

“Jadawalin mako kawai?” in ji manaja. “Ni daga nan na hango rubutu har layi biyu.”

Ya zaro tasa wayar ya sauke. Shi kuma Allah ya yi shi da baki mai riga tunani gudu. Ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji, ya karanto shi tun daga Hawainiya har zuwa tsufan wahala, sai da ya dire sannan ya ji abin da ya faɗa. Saboda sabo har ya ƙara da “ka ji ko?”

An ji kuwa. Wani daga baya ya fashe da dariya, ta kama mutum biyar ko shida, sai kuma ta mutu a take, domin duk sun juya sun kalli Baba. Mutanen nan shi yake rufa musu asiri kowace damina. Na ga idanun da suke kallona da su, na gode wa Allah da manaja yana wurin. Baba kuwa ya miƙo hannu. Ya karɓi wayarsa daga hannuna, ya goge fuskarta da gefen riga, ya mayar aljihu.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma manaja, mai son tabbatar da gyara, sai ya koma baya ya sauke wata tsohuwar takarda da na tura masa. Na ga leɓensa yana motsi, wannan karon a ɓoye. Na san wacce ce: “Na Ka-ji-ko a ba shi kafin ya fashe”. Fuskarsa ta kumbura kamar zai cika alkawarin sunan. Mai sito ma ya duba tasa, ya kai hannu ya taɓa makullan da ke rataye a wuyansa. Injiniya kaɗai ne yake cikin farin ciki, yana ta cewa, “Kun gani ko? Yana aiki.”

A ofis manaja bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce wanda yake gwaji ba ya buƙatar takardar gargaɗi, in ajiye katina in kama gabana. Na lura zagin dattijo bai ƙona shi kamar nasa ba, don sau uku yana tambayata, “Ni ne zan fashe?” Ina tsaye ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata, wadda ta riga ta sanar da duk layinmu cewa ɗanta ya zama babban ma'aikaci, sai aka yi sallama. Baba ne, ya iso a nasa lokacin.

“Yallaɓai, ni aka fara zaga, a bar ni in fara magana.”

Manaja ya nuna masa kujera. Bai zauna ba. Ya sake miƙo min wayarsa.

“Sunan mun ji shi, ya yi daɗi. Yanzu buɗe cikin. Me na ce ka canja jiya?”

“An cire sittin da biyu ranar Asabar, Baba, an sa goma sha huɗu.”

“Sittin da biyu ta wane ne?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Ai yallaɓai ya ce ka ajiye katinka. Fito da shi.”

Na laluba jaka na zaro katin daga ƙarƙashin littattafai. Ga hotona da wuyan riga a tsaye, ga lamba a ƙasa da manyan baƙaƙe. Sittin da biyu. Sau shida ina buga lambar nan a layin Asabar da hannuna, ban gane kaina ba.

“Goma sha huɗun fa?” Na tambaye shi.

“Tawa ce. Na ji kana cewa kana da jarrabawa. Na nemi wanda zai tsaya maka ban samu ba, kowa yana da gona. Ni tawa gonar 'ya'ya sun karɓa.”

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ta ranar nan daban ce. Ta rumfa ta sa ni gumi ne kawai, wannan kuwa ta sa na kasa ɗaga kai. Na so ya zage ni, na so ya kwaɗa min mari in samu abin riƙewa. Na durƙusa na fara, “Baba, don girman Allah ku yafe…” sai ya ɗaga min hannu.

“Tashi, kada gugar ta lalace.”

Ya juya wurin manaja ya ce a bar ni. Ya ce hannuna yana da sauri, kuma mutumin da ya iya ƙirga canji har bakwai bai ɓata ba, ai ba a rasa amfaninsa ba. Manaja ya yi ta huci, daga ƙarshe ya ce saboda Baba ne kawai, amma an ƙara min wata uku a kan gwajin, kuma duk takardar da zan tura sai na karanta sunanta da ƙarfi a gaban mai ita. Ya buɗe baki zai rufe da abin da ya saba, ya tuna, ya haɗiye. Har na bar kamfanin ban sake jin ya faɗa a gabana ba, kuma na san bai yafe min wannan ba.

A waje na bi Baba na ce zan tsaya dutina, jarrabawar ta wuce, na haƙura.

“A'a,” ya ce. “Hawainiya ta gaji, ba za ta rikiɗa karo na takwas ba. Ka je ka rubuta.”

Na ce to ya ba ni wayar in goge sunan. Ya dafe aljihu.

“Ai kai ka yi ta faɗa a bar kowane abu da sunansa na asali. An bar shi.”

Ranar Asabar ina zaune a ɗakin jarrabawa ƙarƙashin fanka, dattijon da ya girmi mahaifina yana tsaye a wajen sikeli cikin ƙudaje da ruwan gishiri yana karɓar fata a madadina. Na ci jarrabawar, amma ban taɓa iya yin alfahari da takardar ba. Kuma abin da ban zata ba, sunan Hawainiya bai kama Baba ba ko na yini ɗaya, babu wanda ya yarda ya maimaita shi. Ni ne suna ya kama. Daga mai gadi har direbobin manyan motoci, kowa Karo-na-bakwai yake ce min. Shekarun baya na haɗu da wani tsohon leburanmu a Dakata, daga tsallaken titi ya ƙwala min shi, ina tare da matata. Sai da na yi mata bayani tun daga farko.

Ranar da Baba ya ajiye aiki na je yi masa sallama. Ya sake waya a lokacin, amma ya sa an kwaso masa fayil ɗin zuwa sabuwar. Ya nuna min, yana dariya har da tari, ya ce duk ranar da ya ji kansa yana neman kumbura sai ya buɗe ya karanta. Ni ban yi dariya ba.

Abin da na koya shi ne, ladabin da nake yi a bakin ƙofa, da “ku shigo, Baba” da murmushi har kunne, duk “download” ne, suna ne na kowa da kowa. Sunana na asali shi ne wanda nake rubutawa idan na tabbata babu mai gani. Tun daga ranar, kafin in sa wa fayil suna, ko in sa wa mutum, sai na tambayi kaina ko zan iya tsayawa a rumfa in karanta shi da ƙarfi mai shi yana kallona. Kuma na haddace lambata.